Cikin Lauya da Cikin Wayarsa

Bahaushe ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Nufinsa, mutumin kirki yana da rumbun ajiyar magana, ba duk abin da kunne ya ji ne baki zai amayar ba. A wajen yawancinmu wannan hali ne kawai: mai shi a yabe shi, wanda ya rasa kuwa a riƙa yin shiru in ya shigo majalisa. Amma akwai 'yan sana'o'in da doka ta ɗauki wannan hali ta mai da shi farilla a kansu, kuma lauya yana sahun gaba. A Faransa, wadda Nijar da Cadi suka gaji tsarin shari'arta, lauyan da ya tona sirrin da aka ba shi a bakin aiki yana iya shan ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 15,000. A Najeriya kuwa, sashe na 192 na dokar shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana abin da wanda ya ɗauke shi ya faɗa masa sai da iznin mai maganar, kuma hanin yana nan daram ko bayan an gama shari'a an rabu.

Duk waɗannan dokoki an gina su ne a kan zaton cewa sirrin yana cikin lauya, bakinsa ne ƙofar fita. Yau sirrin ya yi ƙaura. Yana cikin wayar salula, yana cikin kwamfutar ofis, yana cikin imel, yana kuma kwance a rumbunan kamfanonin da lauyan bai san ko a wace nahiya suke ba. To, in lauya bai taɓa buɗe baki ba, amma sirrin ya fice ta wayarsa don bai kula ba, ya ci amana ko bai ci ba? Da yawa za su ce tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Ni ina ganin ya ci amana. Amma kafin mai karatu ya yarda da ni ko ya musa, sai mun fara duba abin da jama'a ke biya don lauya ya samu wannan dama ta yin shiru, domin ba kyauta aka same ta ba.

Dalilin bai wa lauya wannan dama a fili yake. Doka daji ce mai sarƙaƙiya, wanda bai san hanya ba dole ya nemi ɗan jagora, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sau da yawa abin da mutum yake jin kunyar faɗa shi ne zai kuɓutar da shi. Ga wanda ake zargi da fasa shago cikin dare, alhali a daren yana wani wurin da ba ya so iyalinsa su sani. Ga matar da ta ji wa mutum rauni tana kare kanta, ba ta san doka ta san da kare kai ba, sai tsoro ya sa ta ce ita ba ta ma wurin. Waɗannan in ba su da tabbacin cewa maganar za ta tsaya tsakaninsu da lauya, ƙarya za su yi masa, shi kuma ya shiga kotu da makanta, a ɗaure mara laifi.

Ba kowa ya gamsu da wannan hujja ba. Jeremy Bentham, masanin falsafar nan ɗan Ingila da ya rasu a 1832, yana ganin shirun lauya mai laifi kaɗai yake amfana, tunda mai gaskiya ba shi da abin ɓoyewa. In an cire shirun mai laifi ya rasa mafaka, a ganinsa abin da ake nema ke nan. Misalan da na kawo sun isa su nuna cewa mai gaskiya ma yana da abin ɓoyewa. Sai dai Bentham bai faɗi ƙasa warwas ba, domin akwai ranar da shirun lauya yake cin mutumin da bai ci ba bai sha ba.

A farkon 1982 aka harbe wani mai gadi a gidan abinci na McDonald's a birnin Shikago na Amurka. Aka kama wani matashi mai suna Alton Logan, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, da ƙyar ma ya tsallake hukuncin kisa. A daidai lokacin, wasu lauyoyi biyu da gwamnati ke bai wa marasa hali, Dale Coventry da Jamie Kunz, suna kare wani mutum daban mai suna Andrew Wilson, wanda ake tuhuma da kashe 'yan sanda biyu. Wilson ya faɗa musu da bakinsa cewa shi ne ya harbe mai gadin, ba Logan ba. Lauyoyin suka rasa tudun dafawa. In sun yi magana, sun miƙa wanda suke karewa ga ƙarin tuhumar da za ta iya kai shi ga kisa, kuma mai yiwuwa ne kotu ta ƙi sauraronsu, tunda maganar sirri ce da doka ta kulle. In sun yi shiru, ga bawan Allah can yana ruɓewa a kurkuku. Abin da suka yi shi ne, suka rubuta takardar rantsuwa cewa sun samu labari ta hanyar da ba za su iya bayyanawa ba cewa Logan ba shi da hannu, suka sa ta a akwatin ƙarfe suka kulle a gidan Coventry. Wilson ya yarda su yi magana bayan ransa. Bai mutu ba sai a ƙarshen 2007. Logan ya fito a 2008, bayan shekara 26.

Shekara 26, jama'a. Ya shiga da ƙuruciyarsa ya fito da furfura. Lauyoyin sun ce da hukuncin kisa aka yanke masa da sun fasa ƙwai, kome zai faru ya faru. Wannan magana ta fi komai damuna, domin tana nuna sun auna, sun ga ran mutum ya fi ƙa'ida nauyi, amma rayuwarsa ba ta kai ba. Ni dai ba na iya cewa sun kyauta, ba na kuma iya kiransu azzalumai, domin a iyakar abin da ƙa'idar aikinsu ta shata musu suka tsaya. Jihar Masacusets ta daɗe da buɗe wa lauya ƙofar yin magana don hana a kashe ko a ɗaure mara laifi, kuma ina ganin ita ce a kan daidai. Amma ko an buɗe wannan ƙofa a ko'ina, asalin lissafin bai canja ba. Kullum akwai wanda yake biyan kuɗin shirun lauya, kuma ba lauyan ba ne, ba kuma wanda ya ɗauke shi ba. Wani lokaci mai bin bashi ne da aka ɓoye masa gaskiya, wani lokaci iyayen da ba za su taɓa sanin yadda ɗansu ya mutu ba. Al'umma ta yarda ta haɗiye wannan ɗaci ne don ta ga cewa in babu shirun, ɓarnar za ta fi haka. Ke nan sirrin da ke hannun lauya ba mallakarsa ba ne, jama'a ce ta ranta masa a kan farashi mai tsada.

Mai karatu ya lura da wani abu a labarin. Shekara 26 takarda tana cikin akwati, 'yan tsirarun mutane suka san da ita, ba ta fita ba. A wancan zamani, in mutum ya iya bakinsa ya sayi kwaɗo mai kyau, ya gama aikinsa.

Yanzu mu tsallako shekara 40, mu sauka birnin Austin na jihar Teksas a watan Agustan 2022. Ana shari'ar Alex Jones, wani mai shirin rediyo da intanet da ya shafe shekaru yana cewa harin da aka kai makarantar Sandy Hook a 2012, inda aka kashe yara 20 da manya 6, wasan kwaikwayo ne. Iyayen ɗaya daga cikin yaran suka kai shi ƙara. Yana tsaye yana ba da shaida, sai lauyan iyayen, Mark Bankston, ya shaida masa a gaban kowa cewa lauyoyinsa sun turo masa kwafin abin da ke cikin wayarsa bisa kuskure, har da saƙonnin da ya ce ya duba bai gani ba. Bankston ya sanar da su kuskuren tun da farko, kuma ƙa'idar Teksas ta ba su kwana 10 su ware abin da yake sirri su nemi a maido, suka bari kwanakin suka wuce. Ba wanda ya ci hanci, ba wanda ya yi tsegumi a mashaya. Wani ne kawai ya tura adireshin jakar da bai buɗe ya duba abin da ke ciki ba.

Ba na tausayin Jones, kuma da wuya a samu mai tausayinsa. Amma a cikin jakar nan har da takardun asibiti na wasu iyalan yaran da aka kashe, waɗanda suke ƙararsa a wata kotun a jihar Konetikat. An miƙa wa lauyoyinsa takardun ne bisa umarnin kotu cewa kada su fita, sai ga shi sun yi ta yawo daga hannun wannan lauya zuwa wancan, har alƙaliyar Konetikat ta hukunta lauyan da ya fara sakinsu. Mutanen da suka binne 'ya'yansu, sai ga bayanan jinyar zuciyarsu a hannun waɗanda ba su da hurumin gani.

A nan ne nake cewa sakaci cin amana ne. In al'umma ta iya barin Logan a kurkuku shekara 26 don kada a taɓa sirrin lauya, da wane ido lauya zai kalle ta ya ce sirrin ya zube ne don ya ƙi sa wa wayarsa lambar sirri? Makiyayin da aka ba kiwo, bai sayar da ko akuya ɗaya ba, amma ya bar ƙofar garke a buɗe ya tafi hira, ba mai kiransa ɓarawo, ba kuma mai sake ba shi kiwo. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta gane haka tun 2012, lokacin da ta gyara ƙa'idojinta ta ce wajibi ne lauya ya yi ƙoƙari gwargwadon hankali wajen hana bayanan wanda yake wakilta fita bisa kuskure ko ta hannun masu kutse, kuma sanin amfani da haɗarin na'urorin da yake aiki da su yana cikin ƙwarewar da ake nema a wajensa. Ba a ce ya zama injiniya ba. An dai rufe masa ƙofar cewa ni ban iya waɗannan abubuwan ba, yara ne ke yi mini.

Wannan magana ta fi shafarmu fiye da Amurkawa, ko da yake ba mu cika tattauna ta ba. Dokar shaida ta Najeriya ta yi hangen nesa irin na zamaninta: sashen da ke biye da na 192 ya ɗora wa tafinta da akawun lauya irin shirun da aka ɗora wa lauyan, domin su ne ake zaton za su ji. To yau su waye ke ji? Akwai yaron shagon buga takardu da ke bakin kotu, wanda ake miƙa wa takardar ƙara da hannu ya buga, kwafin kuma ya zauna a kwamfutarsa tare da na mutum ɗari. Akwai mai gyaran waya a kasuwa, da ake bar wa waya a buɗe a ce za a dawo bayan la'asar. Akwai ɗan gida da ke karɓar wayar baba ya yi wasa. Akwai zauren WhatsApp na abokan makaranta da yatsa ke iya zamewa ya tura masa abin da aka yi niyyar tura wa mutum ɗaya. Gaskiya ne saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, amma in ya sauka a waya a buɗe yake ga duk wanda wayar ta shiga hannunsa. Kuma a garuruwanmu, inda kowa ya san gidan su kowa, takardar shari'ar gado ko ta fyaɗe in ta fita ba ta ɓacewa cikin taro. Kafin magariba ta kai unguwar su yarinyar, kuma magana zarar bunu ce.

Sai dai kada a ɗauka duk matsalar ta tsare sirrin wanda ya ɗauki lauya ce. Takardun iyalan Sandy Hook sun tuna mana cewa a jakar lauya akwai asirin mutanen da ba su ɗauke shi ba, ba su kuma ba shi amanar komai ba. Tsohuwar ƙa'idar shirun lauya ba ta damu da su sosai ba, ita ruwanta da mai biyan kuɗin aiki. Dokokin kare bayanan mutane ne suka zo suka tsaya musu. Gana ta yi tata a 2012, Nijar a 2017 tare da kafa hukumar da za ta sa ido, Najeriya a 2023, ita kuwa Tarayyar Turai babbar dokarta ta fara aiki a watan Mayun 2018. Lafuzzansu sun bambanta amma ƙashin bayansu ɗaya ne: kada ka tara bayanan mutum sai da dalili, kada ka tara fiye da buƙata, ka tsare abin da ka tara, kada kuma ka riƙe shi bayan dalilin ya ƙare. Dokar Turai da ta Najeriya sun yi sassauci ga abin da ake buƙata don shigar da ƙara ko kare kai a kotu, amma sassaucin iyakarsa abin da shari'ar ke buƙata.

Bari mu ɗauki misalin da duk lauyan da ke shari'ar iyali zai gane. Magidanci ya zo yana neman a ba shi riƙon 'ya'ya. Ya zaro waya ya ce, Barista, ga hujja. Ashe tun suna tare ya san lambar sirrin wayar matar, ya kwashe hirarrakinta na shekara biyu, da saƙonnin murya, da hotuna. A ciki akwai guda uku ko huɗu da suka shafi kula da yaran. Sauran kuwa hirarta ce da mahaifiyarta, da kukan da ta kai wa ƙawarta, da sirrin ita ƙawar game da nata auren, da hoton takardar asibiti. Me ya kamata lauya ya yi? Doka ba lallai ta ɗaure masa hannu ba, domin dokar shaida ta Najeriya ta bar wa alƙali damar karɓar hujjar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba, bayan ya auna amfaninta da illarta. Kuma akwai lauyoyin da za su ce aikina in yi wa wanda ya ɗauke ni yaƙi da duk makamin da na samu. Wasu ma ba za su kai kotu ba, za su bari ɗaya ɓangaren ya ji ƙishin-ƙishin cewa kayan suna hannu, matar ta janye don gudun tonon silili.

Wannan na ƙarshe barazana ce aka sa mata rigar lauya, ba ta da wani suna. Amma ko wanda bai kai nan ba, ina ganin akwai abin da ya hau kansa. Ya faɗa wa magidancin gaskiya cewa yadda ya samo kayan nan yana iya jawo masa tuhuma shi kansa. Ya ƙi karɓar jakar gaba ɗaya a wayarsa. In akwai abin da lafiyar yaran ta rataya a kai, a ware shi kaɗai a kai gaban alƙali, shi ya yanke. Ƙawar matar ba ta cikin wannan shari'a, ba ta san ana yi ba, ba ta da mai tsaya mata a ɗakin in ba lamirin lauyan ba. Mu da muka tashi muna jin hanin da Suratul Hujurati ta yi a kan bin diddigin asirin mutane, bai kamata sai dokar 2023 ce za ta koya mana wannan ba. Abin da waya ta canja shi ne yawa. Da, mai leƙe abin da ya gani ta kafar ƙofa kaɗai yake ɗauka. Yau cikin minti biyar yana kwashe rayuwar mutum dungurungum, da ta duk wanda ya taɓa yi masa magana.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda lauyoyi ba su cika son a taɓo ba. In jama'a ce ta ranta wa lauya shirun nan a kan tsada, tana da ikon tambayar me yake lulluɓewa da shi. A watan Afrilun 2016 duniya ta wayi gari da takardun Panama: takardu miliyan 11.5 daga ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca, waɗanda wani da ya ɓoye sunansa ya miƙa wa jaridar Süddeutsche Zeitung ta Jamus, ita kuma ta raba aikin da ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta duniya. Takardun sun shafi kamfanoni fiye da 214,000, akasarinsu suna ne kawai a takarda. Firaministan Aisland ya sauka cikin 'yan kwanaki, kotun ƙolin Pakistan ta tsige Nawaz Sharif a 2017, ofishin lauyoyin kansa ya rufe a 2018. Ofishin ya yi kukan cewa kutse aka yi masa, an keta sirrin waɗanda yake wa aiki. Masana tsaron kwamfuta da suka duba daga baya sun ce wasu manhajojin shafinsa sun tsufa ba a sabunta su ba.

Adalci ya sa a faɗi cewa mallakar irin wannan kamfani ba laifi ba ne a kan kansa, kuma a 2024 kotun Panama ta sallami mutum 28 da aka gurfanar, har da Jürgen Mossack, tana mai cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen tattara hujjojin da aka ciro daga kwamfutocin ofishin. Duk da haka ina ganin akwai tazara mai nisa tsakanin matar da ke raɗa wa lauya abin da ya faru a daren da ta kare kanta, da attajirin da ke sayen kamfanin suna don kada a san dukiyar tasa ce. Ta farko shawara take nema don ta fuskanci doka. Na biyun labule yake saye don kada doka ta gan shi. Lauyan da ya mai da sayar da labule sana'a yana kashe jarin da Logan ya biya da shekarunsa, kuma duk ranar da asirinsa ya tonu, mutane suna ƙara yarda da Bentham. Wanda zai ji a jikinsa kuwa shi ne ƙaramin lauyan da ke kare talaka, domin shi za a fara cewa a buɗe wayarsa a gani.

Faransa ta ɗanɗana wannan. A 2014 masu bincike suka saurari hirar tsohon shugaba Nicolas Sarkozy da lauyansa Thierry Herzog a wani layin waya da aka buɗe da sunan aro, Paul Bismuth. Lauyoyin ƙasar suka yi ca, suka ce an shiga hurumin da ba a shiga. Kotu ta ce rigar sirri ba ta rufe hirar da ke nuna lauyan kansa yana cikin ƙulla laifi, aka same su da laifin neman saye wani babban alƙali a 2021, kotun ƙoli ta tabbatar a Disambar 2024. Hukuncin yana da hujjarsa. Sai dai kafin a san hira ta laifi ce ko ta shawara, sai an saurare ta tukuna, kuma kunnen da ya saurari Sarkozy shi ne zai saurari lauyan ɗan jarida ko na ɗan adawa. A Nijar majalisa ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraron sadarwa saboda tsaro a 2020, 'yan adawa suna ta ƙorafi. Lauyan da ke riƙe da shari'ar da hukuma ke da ido a kanta, in yana da hankali, akwai maganar da zai taka da ƙafarsa ya je ya faɗa, ya bar wayar a mota.

Ga kuma baƙon da ya shigo kwanan nan, ƙirƙirarriyar basira. An yi ta dariyar lauyoyin Niyok da alƙali ya ci tarar dala 5,000 a 2023 don sun miƙa wa kotu hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga musu. Wancan abin kunya ne da ake gani. Wanda ba a gani shi ne lauyan da ke kwafe labarin wanda ya ɗauke shi, da sunaye da komai, ya zuba wa manhaja don ta tsara masa takarda, bai karanta sharuɗɗan kamfanin ba, bai san ko ana ajiyewa ko ana koyar da na'urar da shi ba. A 2024 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta ce kafin a zuba irin wannan bayani a manhajar da ke koyo daga abin da aka ba ta, sai an nemi yardar mai shi bayan an fahimtar da shi haɗarin. Ina so in ga yadda za a fahimtar da tsohon da ya zo daga ƙauye a kan rikicin gona, ya ce na yarda alhali ya san abin da ya yarda da shi.

Wani abu a takardun Panama da ba a cika kula da shi ba shi ne shekarunsu. Sun faro tun daga shekarun 1970, wato kusan shekara 40 na aiki ne aka kwashe a tashi ɗaya. Takarda tana cin wuri, gara tana cinta, dole wata rana a ƙone tsofaffi. Kwamfuta ba ta cika, don haka ba mai tunanin sharewa. Lauya ya gama shari'a tun shekara goma, masu shari'ar sun shirya har sun haɗa 'ya'yansu aure, amma maganganun da suka faɗa a kan juna ran da zuciya ta ɓaci suna nan a imel ɗinsa. Akwai takardun da dole a riƙe na wasu shekaru, wannan ba gardama. Sauran fa? Riƙe su ba ya amfanar mai su da komai, haɗari kawai yake ƙara masa, kuma ba a taɓa tambayarsa ba.

A wajenmu abin yana da wani salo na daban. Yawancin lauyoyinmu ba manyan ofisoshi gare su ba, mutum ɗaya ne da akawu, wayarsa ta aljihu ita ce rabin ofishin. Ran da ya faɗi ya mutu, abin da ke cikinsa ya bi shi kabari kamar yadda aka saba tun da. Wayar kuwa tana cikin kayan gado. Za a yi mata kuɗi tare da mota da agogo, ta faɗa rabon ɗa ko ƙane, ko a kai ta kasuwa a sayar a raba kuɗin, da muryoyin mutanen da suka shigo ofishinsa suka rufe ƙofa kafin su fara magana.